Tsakuwa Inci Biyu

Tsakuwar farko ta faɗo ne da yamma lis, lokacin da rana ta sauka bayan katanga, inuwa ta cika tsakar gida, ba a kuwa kunna fitila ba tukuna. Dattijon da duk layin ke kira Mai Awo yana zaune a kujerarsa bakin ƙofar ɗaki, da kofin shayi a hannu. Matarsa, wadda shi da yaran duka ke ce wa Inna, tana kicin. 'Yarsu ta ƙarshe, Auta, mai shekara ashirin da biyu, tana tsugune a kan sabon daɓen siminti na bayan kicin tana wanke tukwane. Babu iska, babu yaro a kan katanga. Tsakuwar ta sauko daga sama a hankali, ta faɗa cikin kofin.

Ya sa yatsu biyu ya ciro ta. Ya san irinta kamar yadda ya san haƙoransa: fasasshen dutse ne, wanda ake shimfiɗawa a ƙasa kafin a zuba kankare. Amma wannan tana lulluɓe da wani baƙin abu mai yauƙi, warinsa kuwa kamar an haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da ruwan wankin kaza da ya kwana uku. Ya zubar da shayin, ya wanke kofin sau biyu da sabulu, ya shinshina, ya jefa shi a kwandon shara. Bai gaya wa kowa ba.

Shekara talatin da ɗaya Mai Awo ya yi yana duba aikin gini. Yana da wata sandar ƙarfe da ya zana wa inci-inci da zarto, kuma magina sun fi tsoronta da takardar kora. Zai zo wurin aiki kafin a kwaɓa siminti, ya caka ta a cikin tsakuwa, ya ciro, ya duba. Ka'idarsa ba ta canzawa. Inci huɗu a kan ƙasa mai yashi idan ƙafa ce kawai za ta taka. Inci shida a kan laka, ko duk inda za a riƙa zubar da ruwa. Takwas ko fiye inda mota za ta tsaya. Tsakuwa, in ji shi, ita ce ke ba ruwa hanyar wucewa, ita ce ke hana danshin ƙasa hawowa, ita ce ke ɗaukar nauyi daidai wa daida. Ya sa an fasa daɓe da yawa a rayuwarsa, bai taɓa ba kowa haƙuri ba.

Abin baƙin ciki shi ne da wannan sandar ya yi renon 'ya'yansa, musamman babban ɗansa. Yaron ya gwada ɗinki, uban ya duba ɗinkin ya ce ya karkace. Ya gwada tuƙi, uban ya zauna a gefensa rana ɗaya, yaron bai sake taɓa sitiyari ba. Sai da ya yi aure ya koyi gini, a hannun wani daban, can nesa da idon ubansa. Da ya ga ya iya riƙe cokalin gini, ya ce aikinsa na farko na mahaifiyarsa ne: zai daɓe mata lungun bayan kicin, inda take wanke-wanke cikin taɓo tun kafin a haife shi.

Ranar da za a fara, Inna ta tare mijinta a ɗaki ta rufe ƙofa.

"Baban Auta, sau ɗaya a rayuwarka ka kama bakinka. Ko da a juye ya yi shi, ka ce ya yi kyau. Ka ajiye sandar nan a ƙarƙashin gado."

Ya ajiye.

Lungun yana da kwari, ƙasarsa kuma laka ce. Yana bukatar ciko mai yawa kafin ya zo daidai da bakin kicin. Tipa ba ta iya shiga layin saboda ƙuncinsa, sai ta juye 'yar tsakuwar a bakin titi, kuma da baro za a kwaso ta. Babban ɗan ya duba nisan, ya duba ramin, sai ya tuna da tulin sharar da ke bayan rumfar masu yanka kaji, taku ashirin daga ƙofar gida. Samansa ya bushe, kamar ƙasa. Ya yi sawu goma sha huɗu da baro, ya cika kwarin, ya tattaka da ƙafa, ya watsa tsakuwa a kai har ta rufe.

Mai Awo yana kallo ta taga. Da tsakar rana, da ɗan ya shiga cin abinci, ya fito a hankali, ya tsuguna ya cusa yatsa. Tsakuwar ta ƙare a gaɓa ta biyu. Inci biyu, da ƙyar. Ƙarƙashinta taushi ne da ɗumi, kuma da ya zaro yatsan, gashin kaza ya biyo shi. Ya daɗe yana kallon gashin. Sannan ya goge hannunsa a bango, ya koma ɗaki.

Da yamma daɓen ya kwanta sumul, har da ɗan zane a gefe. Ɗan ya tsaya da siminti har gwiwar hannu, ya tambaya ba tare da ya ɗaga ido ba.

"Baba, ya ka gani?"

"Ya yi kyau."

Ɗan ya juya baya da sauri, yana ta wanke cokalin da ya riga ya wanku. Wata uku ke nan da wannan, kuma a tsakani an yi ruwan sama sosai.

Washegarin tsakuwar farko, uku suka faɗo, duk a wannan lokaci na tsakanin haske da duhu. Ɗaya a cikin tukunyar da ke kan wuta, ɗaya a randar ruwan sha, ɗaya a kan matashin Inna, cikin ɗakin da ƙofarsa da tagarsa ke rufe. Ba su taɓa fasa wa kowa kai ba. Abin da suke so shi ne abinci, da ruwa, da wankakken kaya. Duk inda suka sauka sai su bar baƙin tabo da warin nan. Inna ta zubar da abinci sau huɗu a mako guda, ta daina shanya a tsakar gida.

Daɓen ma ya canza. Ko da rana ta take, samansa yana jiƙe kamar goshin mai zazzaɓi. Wata siririyar tsaga ta taso daga kusurwa ta nufi tsakiya, gefe ɗaya ya ɗan nutse, ruwan wanke-wanke ya daina gangarewa, ya koma taruwa yana shiga tsagar. Ƙudaje kore suka mai da wurin gida. Wata safiya Inna ta ga fararen tsutsotsi suna fitowa a jere, ta zuba musu tafasasshen ruwa. Da yammar ranar, suna zaune su uku, suka ji tsaki daga ƙarƙashin siminti. Tsaki ne dogo, irin na tsohuwar da ta taka abin da bai kamata ba. Bayansa aka tofar da yawu.

"Kun ji?" in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Bututu ne," in ji Mai Awo. Babu bututu a wurin, kuma dukansu sun sani.

Auta ce ta fi kowa zama a kan daɓen, kuma ita abin ya kama. Da fari wanke hannu ne. Za ta wanke, ta shinshina, ta sake wankewa, har fatar yatsunta ta fara saɓulewa. Sai ta daina yarda a taɓa ta. Yarinyar da ke tsokanar ubanta har ya yi dariya ba da son ransa ba, ta koma kallon mutanen gidan da hanci a murtuke, kamar an ajiye mata su a faranti. Idan Inna ta kawo abinci, sai ta leƙa kwanon, ta yi ta yunƙurin amai babu abin da ke fita. An kai ta asibiti, aka auna jini, aka ƙara mata ruwa leda biyu, aka ce ba a ga komai ba. Da ta kwana tara ba ta ci ba, wuyan hannunta ya koma kamar na 'yar shekara goma.

Babban ɗan yana zuwa kullum bayan aiki. Ya kwaɓa siminti ya liƙe tsagar, da safe ta buɗe ta ƙara faɗi. Ya tsaya a kanta yana shafa ƙeya.

"Baba, ko simintin ne ya kwana biyu a shago?"

"Wataƙila," in ji Mai Awo.

Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado. Ta bango yana jin numfashin Auta, gajere-gajere. Bakinsa ya yi ɗaci kamar ya tauna ƙarfe. Ba aljani yake ƙyama ba, ba kuma warin ba, kansa yake ƙyama.

Inna ce ta je ta kawo Malam, mai yi wa mutanen unguwar addu'a, ba ta nemi shawarar kowa ba. Tsoho ne siriri, ba ya yawan magana, yana tafe da 'yar jakar fata a hammata. Ya iso da yamma, rana ta yi sanyi. Suka tarar Auta ta rarrafo daga ɗaki ta zauna a kan kujerar ubanta, ta naɗe ƙafafu sama don kada su taɓa ƙasa. Malam ya cire takalmi zai hau daɓen, ya tsaya, ya duba abin da ke tsatsowa daga tsagar, ya mai da takalminsa. Ya ce a shimfiɗa masa tabarma a gaban yarinyar, a kawo ruwa mai tsabta a sabon kwano.

Ya fara karatu a hankali. Tsakar gidan ta yi tsit, har ƙudajen suka lafa. Inna tana riƙe da bakin mayafinta, babban ɗan yana jingine da ƙofar kicin, Mai Awo yana tsaye don an zauna masa a kujera. Karatun ya yi nisa, inuwa ta haye katanga. Sai Auta ta ja tsaki, wannan dogon tsakin, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, busasshiya, mai gajiya.

"Ya isa, Malam. Ba ni da faɗa da abin da kake karantawa. Matsa baya kaɗan dai, rigarka ta sha zufa."

Malam bai matsa ba. "Wace ce ke?"

"Mai wannan lungun. Ina nan tun babu katanga, babu layi."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ita kaɗai ce ke wanka tsakani da Allah a gidan nan, shi ya sa na fake a jikinta. Da ina za ni? Wurin uwar, mai warin albasa?"

Inna ta buɗe baki, Malam ya ɗaga mata hannu.

"Kin hana ta ci. Za ta mutu."

"Na leƙa abin da kuke ci. Ba zan iya ba." Kan Auta ya juya wajen daɓen. "Shekara da shekaru suna zuba mini ruwan wanke-wanke, ban ce uffan ba. Ƙasa ta sha, rana ta busar, mu wuce wurin. Sai rana ɗaya aka kawo mini hanjin kaji, da gashi, da tsummokaran jarirai, aka juye a kaina, aka kawo murfi aka rufe. Rana ba ta shiga. Ruwa yana shiga, ba shi da hanyar fita. Wata uku ina kwance a cikin romon ƙazantarku, yana dahuwa. Na ɗebo 'yar tsakuwar da suka yayyafa ina aiko musu su shinshina, ko za su gane. Ta kusa ƙarewa ma, don ba ta da yawa."

Babban ɗan ya zame daga jikin ƙofa ya tsuguna. "Ni ne. Ni na yi aikin. Ki sake ta, ki kama ni."

"Kai?" Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ko kyauta aka ba ni. Kai jahili ne, ɗan nan, jahili kuwa ba ya ba ni haushi sosai. Akwai wanda ya sani. Yatsansa ya shigo har inda nake, na gan shi, da farce a yanke tsaf."

Babu wanda ya juya, amma Mai Awo ya ji duk gidan yana kallonsa.

"Maigida," in ji Malam, "idan akwai magana, yanzu ne lokacinta."

Ya dubi wuyan hannun Auta a kan hannun kujera. Ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi a da kafin ya ba da rahoto.

"Na auna. Inci biyu ne, a kan shara. Tun kafin a kwaɓa siminti na san ba zai kai shekara ba."

"Ka ce ya yi kyau," in ji ɗan. Bai ɗaga murya ba.

"Na ce."

"Ni na sa shi," in ji Inna tana kuka. "Ni na ce ya yi shiru."

"Kin ce in yi shiru, ba ki ce in bar ruɓa a ƙarƙashin ƙafar 'yata ba. Akwai yadda ake gaya wa mutum gaskiya ba a karya shi ba. Ni ne ban taɓa koyonsa ba."

Malam ya koma ga tsohuwar. "Kin ji. Me zai fitar da ke?"

"A fasa murfin. A kwashe komai. A zuba mini tsakuwa mai tsabta, tsayin mutum."

"Kin yi yawa. Gida ne, ba rijiya ba."

"To, zuwa ƙugu."

Malam ya buɗe baki zai rage, sai Mai Awo ya taka gaba ɗaya. Muryarsa ta tsohon aiki ce.

"Ba yawanta ne zai busar da ke ba. Tsakuwa zuwa ƙugu, idan ba a daddaɓe ta ba, za ta zauna, daɓen ya sake tsagewa, ruwa ya sake samunki. Za a haƙe sai an taɓa ƙasar asali. A cike da jar ƙasa mai tsabta, kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana bugawa. Sannan tsakuwa inci shida, sawu biyu, uku-uku, kowanne a buge shi sai ya daina motsi. A karkata saman ya gangara, a yi masa kwata ta fita waje."

"Goma," in ji tsohuwar.

"Shida. Mota ba za ta tsaya a kanki ba."

"Baban Auta, ba ta goman mana," in ji Inna. "'Yarka ce fa."

"Idan na ce goma don tsoro, wata ƙaryar ce kuma. Shida ne daidai. Idan ɗigo ɗaya ya same ta bayan haka, ta zo kaina."

Idanun Auta suka tsaya a kansa, ba ƙiftawa. Duhu ya fara haɗe fuskokin mutane. Can muryar ta ce, "Shida. Amma ba lebura. Abin da ke ciki, kai za ka kwashe, da hannun da ya auna ya yi shiru. Kwana uku. Zan jira a kan katanga, inda iska ke kaɗawa."

Malam ya sa ta rantse ba za ta koma jikin yarinyar ba, ba kuma za ta taɓa kowa a gidan ba muddin an cika alkawari. Ta rantse, tana ƙorafin kwanon da aka kawo ruwan ba sabo ba ne. Ya tofa a ruwan, ya shafa wa Auta a fuska. Ta yi atishawa sau uku, ƙafafunta suka sauko ƙasa, kanta ya faɗa kafaɗar uwarta. Barci ne, mai nauyi.

Da gari ya waye ɗan ya zo da babbar guduma. Bai gai da ubansa ba. Bugu na huɗu daɓen ya rufta, abin da ya taso daga ciki kuwa ya sa maƙwabta rufe tagogi. Baƙin kunu ne mai kumfa, da gashi, da ƙasusuwa, da abubuwan da suka narke har ba a gane asalinsu, duk yana motsi da tsutsa. Mai Awo ya ɗaure hanci da tsumma, ya naɗe wando, ya shiga. Shebur ba ya kama abin sosai, wani wurin sai da hannu. Ya yi amai sau biyu a gefen ramin, ya goge baki, ya ci gaba. Yana da shekara sittin da takwas, kuma kowane sawu na baro sai ya tsaya sau uku kafin ya kai inda motar shara ke ɗauka.

A sawu na shida ya dawo ya tarar ɗan yana zaune a kan fasasshen kankare.

"Da ka zage ni a ranar, da na ji haushi kwana biyu," in ji ɗan. "Na saba. Wannan 'ya yi kyau' ɗin kuwa, har matata na gaya wa. Na gaya wa maigidana a wurin aiki."

 Mai Awo ya jingina da baron yana haki.

"Jar ƙasar," in ji ɗan bayan wani lokaci, "inci nawa ake zubawa kafin a buga?"

"Huɗu. Ka jiƙa ta, amma kada ta yi taɓo. Idan ka dunƙula a hannu ta riƙe, ba ta ɗiga ba, ta yi."

Ɗan ya gyaɗa kai, ya tashi ya tafi neman madaɓin buga ƙasa.

Auta ba ta farka ba duk ranar farko, ba ta farka ba da safiyar ta biyu. Inna tana ɗiga mata ruwa a baki da cokali. Da yammar rana ta biyu Mai Awo ya kai ƙasar asali, ja, mai tauri, babu wari. Ya fito daga ramin da ƙyar, ya yi wanka da sabulu har sau biyu, ya sa wankakkiyar riga, ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin 'yarsa.

Tana zaune, an tokare ta da matasai. Kwano yana kan cinyarta, cokali a hannunta, kuma rabin abincin babu. Ta ɗago ta dube shi, ta murtuke hanci.

"Baba, kana wari."

Gabansa ya faɗi. Ya riƙe ƙofa, ya kasa kunne ga sauran muryar da ta rage a ɗakin, yana auna ta kalma-kalma.

"Wallahi kana wari," ta sake cewa, baki cike da abinci. "Je ka ƙara wanka, ka zo ka ba ni labarin abin da na yi. Inna ta ƙi gaya mini, sai dai wai na ce tana warin albasa."

Muryarta ce. Ya juya ya ɗauki bokiti.